Sansanin Turawa da Tubalan Wasa: Wanne Ya Dace Ɗan Baure Ya Gina?

Yaron ƙasar Hausa bai taɓa jiran kanti ba kafin ya yi gini. Da kaka, idan an girbe dawa, sai ya fere kara ya haɗa mota har da fitilunta. Da damina ya kwaɓa yumɓu ya tayar da ɗaki da rumbu da doki. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne tubalan roba masu maɓallai a ka, waɗanda ake danna ɗaya a kan ɗaya su kama juna ba tare da kwaɓi ba. Ana samun su a shagunan kayan wasa na birane, wani lokaci kuma a tsince su cikin dilar gwanjo. Duniya ta fi sanin su da sunan LEGO, kamfanin da wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932. Siffar tubalin da ake gani yau an yi mata rajista ne a watan Janairun 1958, kuma da wa'adin rajistar ya ƙare sai wasu kamfanoni, musamman na ƙasar Sin, suka shiga yin irinsa da araha.

A Turai da Amurka wannan wasa ya wuce hannun yara. Akwai magidanta da ke kwashe watanni suna gina jiragen ruwa da gadoji da tsofaffin birane, kuma cikin abin da suka fi so har da sansanonin sojan mulkin mallaka. Kamfanin da kansa ya fitar da Eldorado Fortress a 1989, sansanin sojan sarki a kan tsibiri, sannan Fort Legoredo a 1996, kagarar katako irin ta sojan dawakin Amurka. A 2023 ya sake fito da na farkon da tubala 2,509, don waɗanda suka yi wasa da shi suna yara, yanzu kuma sun girma suna da kuɗin saye.

Akwai wani sansanin da masu wannan sha'awa kan gina da kansu, wato na hamada: farin bango mai haƙora a sama, hasumiya a kusurwa, tutar Faransa, rairayi ko ta ina. Tushen wannan hoto littafi ne, Beau Geste, wanda wani Baturen Ingila, P. C. Wren, ya wallafa a 1924, aka mai da shi fim a 1926, aka kuma maimaita a 1939. Labarin wani sansani ne da Buzaye suka kewaye, inda aka riƙa jingina gawarwakin sojoji a kan bango don a zaci suna raye. Sansanin ƙage ne, kuma a cikin hamadar Amurka aka gina shi don ɗaukar fim. Sunansa ne abin lura. Marubucin ya kira shi Zinderneuf, da Faransanci Sabon Zinder ke nan. Zinder kuwa ita ce Damagaram, wadda tazararta da Baure ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, ta hanyar Magarya.

Saboda haka mutumin Baure ko Zango ko Daura da ya zauna da buhun tubala yana son gina sansanin zamanin Turawa yana da zaɓin da mai gini a Landan ba shi da shi. Yana iya kwaikwayon na fim. Yana kuma iya gina na gaske, wanda labarinsa ya shafi garinsu kai tsaye.

Sansanin da ya juya makomar Baure

Bayan da Malam Isiyaku ya karɓi Daura a 1805, a lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohuwar sarautar ta rabu daga baya, wasu suka kafu a Zango, wasu a Baure, har aka wayi gari ana maganar Daura uku. Zango da Baure ba Sakkwato suke bi ba. Damagaram suke bi, can suke kai gaisuwa, musamman bayan da Sarki Tanimu ya ƙarfafa masarautar a tsakiyar ƙarni na 19, ya ɗaga ganuwar birnin, ya sa maƙeransa suna zuba igwa. Duk abin da ya sami Damagaram, to, ya sami Baure. M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa a kan Daura wanda ya fito a 1978.

A 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya isa Damagaram, a watan Mayu aka kashe shi tare da tafintansa a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo sai ga rundunar Voulet da Chanoine daga yamma, wadda ta bar toka da gawarwaki a bayanta tun daga bakin kogin Kwara. Ita ce ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ita ce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu ba su kai Damagaram ba, sojojinsu ne suka harbe su a watan Yulin 1899, amma sauran rundunar ta ci gaba, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga birnin. Ba a daɗe ba aka kashe Kuran Daga. Sansanin da Faransawa suka kafa a kan duwatsun da ke wajen Birni, ta ɓangaren unguwar Zangon Damagaram, sai suka raɗa masa sunan hafsan da aka kashe: Fort Cazemajou.

Daga nan maganar ta koma teburin Landan da Paris. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898 ta bar Faransawa babu hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, don haka aka gyara ta a 1904, aka sake daidaita ta a 1906, sannan hafsoshin ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu har zuwa 1908. Zango da Baure suka faɗo ɓangaren Ingila, Magarya da Damagaram suka zauna ɓangaren Faransa. A 1906 Ingilishi suka mayar da Malam Musa na Zango kan gadon Daura, Baure ta zama gunduma a ƙarƙashinsa. A wannan shekarar ce kuma Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Ahmadu Ɗan Basa bisa zargin ƙulla tawaye. Damagaram ta riƙe matsayin hedikwatar mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai.

A wannan ɓangaren na iyaka, Ingilishi sun fi dogara ga sarakuna da bariki da gidan Razdan fiye da sansani mai bango, shi ya sa kalmar bariki ce ta zauna a bakin Hausawan Najeriya. Wanda ke neman sansani na sosai, irin mai kafar bindiga da hasumiyar tsaro, sai ya dubi arewa.

Ma'auni kafin tubali

Kuskuren farko da sabon mai gini kan yi shi ne ya fara ɗora tubali kafin ya yanke girman da yake so. Tubalan nan suna da awo ƙayyadadde. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin cikakken tubali milimita 9.6 ne, ba a lissafa maɓallin ba. Akwai kuma falle, wato siririn tubali, mai milimita 3.2, uku daga cikinsa suke yin tubali guda. Faifan da ake gini a kai yakan zo da maɓalli 32 ko 48 a kowane gefe, na biyun faɗinsa ya ɗan haura santimita 38.

'Yan mutum-mutumin da ke zuwa da tubalan, waɗanda aka fara yi a 1978, tsayinsu kusan santimita 4 ne. Idan aka gina don su, kowace mita 45 ta zahiri za ta ci kimanin mita guda a kan tebur. A ɗauka, don misali kawai, sansani ne mai mita 60 a kowane gefe. Samfurinsa zai kai santimita 133, wato maɓalli fiye da 160 a gefe ɗaya, kuma tubalan da zai sha sai dai a ƙirga su da dubbai. Mai ƙaramin aljihu gara ya bi hanya ta biyu: maɓalli ɗaya ya tsaya a madadin mita ɗaya. Sai gefen ya dawo maɓalli 60, santimita 48. Bango mai tsayin mita 4 zai zama milimita 32, wato tubali uku da falle ɗaya. Da tubali mai maɓalli biyu a faɗi, huɗu a tsawo, kowane layi na zagayen zai ci kusan 60, layi uku kusan 180. Wannan adadi ne da makaranta ko ƙungiyar matasa za ta iya tarawa. Farashin wannan zaɓi shi ne mutum-mutumin ba za su shiga ba, sai dai a wakilci kowane mutum da ƙaramin tubali zagayayye.

Wanda yake da kwamfuta yana iya gwada ginin duka a manhajar Studio ta BrickLink, wadda kyauta ce, ta kuma ƙirga masa kowane tubali kafin ya kashe ko kwabo. Wanda ba shi da ita, takardar lissafi mai gida-gida ta ishe shi: gida ɗaya, maɓalli ɗaya.

Siffar ginin kuwa daga tsofaffin hotuna za a ɗauko ta, irin waɗanda Faransawa suka riƙa bugawa a katin gaisuwa a farkon ƙarni na 20, da kuma hoton tauraron ɗan'adam don ganin yadda wurin ya zauna tsakanin unguwanni. Sansanin ya koma hannun sojan Nijar bayan samun 'yancin kai a 1960, kuma wurin soja ba wurin ɗaukar hoto da waya ba ne, balle a wannan zamani da ake ciki.

Abin da kowane magini ya sani shi ne ke aiki a nan ma. Ba a ɗora gaɓa a kan gaɓa. Tubalin sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, a kusurwa kuma layuka su riƙa sarƙe juna, in ba haka ba bangon zai tsage da zarar an ɗaga faifan. Kafar bindiga ana barin ta ne da tazarar maɓalli ɗaya a rufe samanta da falle. Haƙoran bango tubali ɗaya ne, sarari ɗaya. Duk wannan aikin yini guda ne. Inda lokaci ke tafiya shi ne duwatsu. Duwatsun Damagaram manya ne, mulmulallu, kamar an jibge su da gangan, kuma kwaikwayonsu yana buƙatar tubala masu gangare, ruwan toka mai haske da mai duhu, a jera su ba bisa tsari ba. Bai kamata a yi rowar lokaci a nan ba, domin dutsen shi ne dalilin zaɓen wurin. Sansanin da aka ajiye a kan shimfiɗaɗɗen rairayi na fim ne. Na gaske yana bisa tudu, yana kallon gari.

Launi ma yana da magana. Farin da aka saba gani na fim ne shi ma. Sansanonin farko na Faransa a wannan yanki da ƙasa aka gina su, da hannun maginan gari da kuma talakawan da aka kamo aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke shi a ƙasashen da take mulka ba sai 1946. Ruwan ƙasa, mai haske gauraye da mai duhu, ya fi kusa da gaskiya.

Inda tubalin roba ke gardama

Sansani shi kaɗai a kan faifai ba ya faɗin komai. Sai an sa abin da aka gina shi dominsa, wato birnin da ganuwarsa, sannan mai kallo zai gane ina bakin bindiga ya dosa. A nan ne kuma aikin ke yin wuya, kuma wahalar tana koyar da wani abu.

Tubalin roba ɗan kusurwa ne. Yana son miƙaƙƙen layi da bango mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, wato daidai irin tsarin da injiniyan soja ke zanawa da abin ja-layi. Ginin Hausa ba haka yake ba. Tubalinsa da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa, kai a tsuke, a shanya a rana, a jera a tsaye a cike tsakani da kwaɓi. Bangon yana farawa da kauri yana sirancewa yayin da yake hawa. Kusurwa ba ta da kaifi. Rufin soro azara ce ta giginya, wadda ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan-gizo da ɗaurin guga don faɗaɗa ɗaki. A sama ga zankwaye, ga indararo, a jiki ga makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ganuwa kuma ba ta san miƙewa ba, tana bin ƙasa ne tana lanƙwasa, tana rungumar gonaki da kududdufai.

A duba girman. Lokacin da sojan Ingila suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903, Lugga ya ba da rahoton cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. A ma'aunin maɓalli ɗaya mita ɗaya, wurin da ya fi tsayi zai ci layi 12 na tubali da 'yan kai, a kan gindi mai maɓalli 12. Bangon sansanin nan mai layi uku zai zama kamar dangar gona a gefenta. Tsawonta kuwa, ko da an ɗauki kilomita 14 da aka fi ambata, zai kai mita 112 idan aka miƙe shi, ya zarce filin ƙwallo. Dole mai gini ya haƙura da ƙofa ɗaya da ɗan yankin bango. Duk da haka, ajiye su biyun kusa da juna ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa ba da girman bango aka ci ƙasar nan ba. Da igwa da bindiga mai ruwa aka ci ta. A Kano ma ƙofa aka fasa, ba ganuwa ba.

Akwai dabarun shawo kan tubalin. Wani falle ne mai faɗin maɓalli biyu amma maɓalli ɗaya tak a tsakiya, wanda ke ba da damar matsawa ciki da rabin maɓalli, milimita 4. Idan kowane layi ya matsa haka ta gefe biyu, gindi mai 12 zai koma 2 bayan hawa goma, sai bangon ya fito da gangarensa. Don lanƙwasa, ana haɗa gajerun tubala da zagayayyu a tsakaninsu, ko a yi amfani da masu gwiwa. Zanko yana fitowa da ƙaramin tubali mai tsini. Sakamakon yana da kyau daga nesa, amma daga kusa matakala ce, ba laushin hannun magini ba.

Shi ya sa hanyar da ta fi dacewa da yaron Baure, wadda kuma ta fi araha, ita ce ya raba aikin. Sansani da roba, ganuwa da yumɓu. Ƙasar da za ta yi wannan tana bayan gida, kuma duk dattijon magini a unguwa zai iya nuna yadda ake mulmula tubali mai girman ƙwayar gyaɗa. Bambancin kayan biyu zai faɗi abin da dogon bayani ba zai faɗa ba. Ga shi kuma ganuwar garuruwa da yawa tana zaizayewa, ana haƙar ta ana gina shaguna a gurbinta, har ta kai yaro yana iya girma a birni mai ƙofofi bai taɓa ganin bangon da ƙofofin ke jikinsa ba.

Su wa ke kan bango?

Saura mutane. A fim, Turawa ne zalla a kan bango, masu kai hari kuwa inuwa ce kawai a bayan tudun rairayi. A Damagaram Turawan 'yan ƙalilan ne, hafsoshi da saje-saje. Masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne, waɗanda Faransa ke kira sojan Senegal ko da yawancinsu daga ƙasar Bambara da maƙwabtanta suka fito. Haka abin yake a ɓangaren Ingila: rundunar da ta ci Kano Turawa kaɗan ne da baƙaƙen sojoji fiye da 700, da yawansu Hausa suke ji. Samfurin da ya bi gaskiya zai cika da baƙar fata ciki da waje, har da 'yan dako da matan sojoji da masu ɗebo ruwa daga rijiya. Wannan ba abu ne mai daɗin ji ba, amma haka aka yi.

Wanda kuma lalle sai ya gina yanayin kewaye sansani, ba sai ya ari ƙagaggen labari ba. A watan Disamban 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye sansanin Faransa a Agadas, ya riƙe shi har farkon Maris na 1917, lokacin da ɗauki ya iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya kisan ramuwa ne, wanda ya rutsa har da malaman garin. Wannan ya faru shekara bakwai kafin a buga Beau Geste, kuma ɓangarorin biyu suna da sunaye da dalilai.

Sojan Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a watan Disamban 2023, a daidai lokacin da iyakar da Tilho da O'Shee suka kafa wa alamu take rufe, 'yan kasuwar Baure da Babban Mutum suna kallon Magarya daga nesa. Malamin da ya shimfiɗa jan zare a kudancin faifan, ya ce wa ɗalibai nan ne iyaka, ga Baure a wannan gefen, ba zai sha wahalar bayani ba.

Idan an gama, a nisanta samfurin daga taga, domin rana tana mai da farin tubali da mai ruwan toka rawaya. Ƙurar hunturu ana share ta da busasshen burushi mai laushi, wanki kuma da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, bayan an ɗauke ɓangaren yumɓun. Ƙananan tubalan a ɓoye su daga yaran da ba su kai shekara uku ba, don baki suke kai su.